Ciwon Baba Isiyaku a Katin Lawali

Ɗazu muna cin abinci na ji ɗayanku yana cewa aikin mandub ba aiki ba ne, wai danna waya ne kawai mutum yana zaune a sanyin na'ura. Na ji shi sarai, ban tanka ba, don ba na son magana da shinkafa a baki. Yanzu tunda an ɗauke tire, ku matso kusa. Ba faɗa zan yi ba, ko da yake kun san halina, kada wani ya rantse a kan haka.

Ni ne Habibu, mutumin Funtuwa, amma a nan unguwar Manfuha ta Riyad in ka ce Habibu kawai sai a tambaye ka wanne. Sai ka ce Habibu Ta'amin. Ta'amin dai shi ne inshorar lafiya da doka ta wajabta wa kowane kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ya yi wa ma'aikacinsa, ba a sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai da shi. Mandub kuma wakilin kamfani ne, shi ke tsaye tsakanin marar lafiya da asibiti da masu inshora, duk wanda ya ji haushi a kansa zai huce. Da tuƙi na fara, a wani kamfanin gine-gine da ke da gareji a Nasim. Da bayana ya fara ciwo, suka ga ina ɗan jin Larabci, sai aka ce in koma bin takardun asibiti a ƙarƙashin wani dattijo da ake kira Ammu Usman.

Ammu Usman ɗan Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zame musu gida. Hausarsa irin ta mutanen da ce, in yana magana sai ka ga kamar kakanka ne ya dawo. Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, wani birkila ne ya faɗo daga saman gini hannunsa ya karye. Na kai shi asibiti a Malaz, likita ya ce sai an yi masa aiki, amma ba za a taɓa shi ba sai muwafaƙa ta zo, wato amincewar masu inshora. Mutum yana nishi a kan gado, ni kuma na tsaya a tsakiyar asibiti ina zuba Larabcin littafi, ina jawo aya da hadisi a kan tausayi. Kowa ya saurare ni da ladabi, ba wanda ya motsa. Da Ammu ya iso ko kallon likita bai yi ba. Ya wuce wurin ma'aikacin da ke tura buƙata, ya yi masa sallama, ya tambayi lafiyar 'ya'yansa, ya ajiye masa dabino, sannan ya ce a nuna masa abin da aka tura. Ashe an yi kuskure a lambar iƙamar birkilan, don haka a wurin masu inshora babu wani mutum da ya karye. Aka gyara, kafin la'asar an shiga da shi.

A mota Ammu ya ce mini, "Ɗana, likita jiki yake dubawa, ta'amin suna yake dubawa. Ciwon da ba a rubuta da sunan mai shi ba maraya ne, ba mai ɗaukar nauyinsa." Na ce na ji. A lokacin na ɗauka maganar lambar iƙama kawai yake yi.

Ku da kuke ganin komai a cikin waya, ku ji kayan aikinmu. Jakar hannu mai aljihu da yawa. Wayoyi biyu, ɗaya tana kan layin jira, ɗaya tana amsar zagi. Hatimin kamfani, takalmi mai taushi saboda tsayuwa, da kwalin dabino. Sai uwa uba na'urar faks, domin muwafaƙa ta nan take fitowa, a kan wata takarda mai santsi da ba ta jure zafi. Akwai lokacin da na yi kwanaki ina bin amincewar aikin ido na wani mai gadi. Da ta fito sai na ajiye ta a gaban mota na shiga sallar azahar. Ina fitowa na tarar ranar Riyad ta mayar da ita baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ko harafi ɗaya ba a gani. Daga farko na sake bin layi. Tun daga ranar, ko takardar gaisuwa ce ta fito daga faks, sai na kai an yi mata kwafi kafin in sha ruwa.

Amma wahalar aikin ba a faks take ba, a wurin mutanenmu take. Bahaushe zai zo maka yana dafe da ciki, ka ce me ke damunka, ya ce jikin ne dai. Ka bar duk abin da kake yi ka kai shi gaban likita, likita ya tambaye shi, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. To, in da sauƙi me ya kawo mu? Sai kun fito, a bakin ƙofa, zai ja ka gefe ya rage murya ya ce ai fitsarin jini yake yi tun kafin azumi. Haka za ka koma ka sake roƙon a gan shi. Ni ne tafinta, ni ne ɗan rakiya, ni ne kuma mai tono abin da kunya ta binne.

Sai al'adar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato aron kati. A ɗakunanmu na Manfuha, inda ake kwana a jere kamar kifin gwangwani, komai arawa ake yi: caja, dutsen guga, jallabiyar zuwa Juma'a. Katin ta'amin ma sai ya shiga layi. Wanda iƙamarsa ta mutu, ko wanda kafilinsa ya yi masa ƙaramin matakin ta'amin da ba ya sayen komai sai maganin ciwon kai, sai ɗan ɗakinsu ya ce ungo nawa, je ka mustausaf. Mustausaf ƙaramin asibitin unguwa ne, kuma a wancan lokacin ba a duba hoto da kyau, mu duka fuska ɗaya gare mu a idonsu. Shekaru ma ba sa tona asiri, don likitocin nan sun saba ganin mai furfura da takardar ɗan arba'in, tunda da yawanmu sai da suka rage shekaru kafin su sami biza. Mutanenmu ba su ɗauki abin a matsayin ha'inci ba, zumunci suka ɗauke shi. Wanda ya hana ɗan'uwansa kati yana kwance, sunansa ya ɓaci har gida. Na yi faɗa a kai har muryata ta dishe, na ce laifi ne da ke kai mutum tarhil, inda ake tsare wanda za a kora ƙasarsu. Abin da faɗan ya haifar kawai shi ne aka daina yi a gabana.

Yanzu sai maganar ƙungiya. Kun san ƙasar nan babu ƙungiyar ƙwadago irin ta gida, wadda za ta tsaya wa ma'aikaci bayan ya ajiye aiki. Ta'amin ɗin kafil kuwa da iƙama yake rayuwa. Ranar da aka buga maka huruj niha'i, wato fita ba dawowa, ranar ya mutu. Mun sha ganin dattijo ya ƙarar da ƙarfinsa a nan, ya koma gida da ciwo, duk abin da ya tara ya tafi a kantin magani. Shi ya sa a farkon shekarun nan direbobi da kanikawa da birkiloli suka haɗa kai, aka yi wa ƙungiya rajista can gida, kowa na zuba nasa duk wata, aka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin inshorar lafiya a Kano. Lauya ya rubuta, wani ɗalibin shari'a da ke karatu a nan ya karanta mana ita da Hausa a wannan falon da muke zaune, muka ce mun yarda.

Haƙƙin ɗan ritaya a cikinta iri biyu ne. Ƙananan ciwuka, zazzaɓi da hawan jini da makamantansu, kowa yana da haƙƙin magani. Amma babban ciwo, irin wankin ƙoda ko babbar tiyata, kamfanin zai ɗauka har ƙarshen ran mutum ne kawai idan ciwon ya kama shi yana bakin aiki. Shaidar kuma ita ce fayil ɗin asibitin Riyad mai ɗauke da sunansa da lambar iƙamarsa. Ba mu ga tsaurin sharaɗin ba, don in ba a yi haka ba kowa zai kwaso ciwon danginsa ya zuba wa asusun. Ni aka ɗora wa karɓo fayil ɗin duk wanda zai tafi. Na yi wa dattawa da dama, akwai mai ciwon zuciya da har yanzu duk Sallah sai ya aiko mini da kilishi.

Cikin buƙatun da na fi daɗewa ina bi akwai na Lawali Bakanike. Mutumin Gusau ne, ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake tayar da tayar tanka, amma takardunsa sun ce ciwon suga na cin sa. Duk wata zai shigo ofis ya ajiye mini takardar likita. Allura, gwajin jini, daga baya aikin ido, can kuma aka fara maganar ƙoda. Na yi masa yaƙi da masu inshora ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kuma yi masa wa'azi har na gaji, don in ka leƙa gareji za ka same shi da lemon kwalba a hannu ɗaya, basbusa, kek ɗin nan mai shegen zaƙi, a ɗaya hannun. In ce, "Lawali, so kake ka kashe kanka ka bar ni da faks?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Za a daina, Malam Habibu." Ina juya baya zai ƙarasa kwalbar. Har a addu'a nake sa shi, ina cewa Allah ka shiryi wannan bawa naka.

Ɗakinsu ɗaya da Baba Isiyaku, mutumin Malumfashi, direban wayit, wato tankar da ke kai ruwa wuraren gini. Shi ya tarbi Lawali lokacin da ya sauka Riyad ba ya jin ko zo in kashe ka da Larabci, ya ba shi gefen katifa, ya nema masa wuri a gareji. Baba Isiyaku ya girme mu duka. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiya, kuma bai taɓa fashin zubi ba. Mutum ne mai tsabta da kunya, shayinsa babu suga, yana cewa tun yana yaro ba ya son zaƙi. Duk tsawon zamana a wannan aiki sau ɗaya katinsa ya ratsa hannuna, shi ma haƙori aka cire masa. Da shi nake buga misali in ina yi wa Lawali faɗa. In ce dubi tsohon da kuke kwana ɗaki ɗaya, ko mura ba ya yi.

Sai shekarar da farashin mai ya faɗi, ta dubu biyu da goma sha shida. Ayyukan gini suka tsaya cak. Albashi ya fara jinkiri, daga jinkiri ya koma bukura insha Allah, wato sai gobe, daga nan aka daina ma cewa goben. Kamfani bai biya masu inshora ba, katunan kowa suka mutu wata da watanni. Ammu Usman ya riga ya koma Sudan, ni kaɗai nake yawo asibiti-asibiti ina roƙon a duba mutum a kan alkawari, dabinon ma na daina iya saye. Wanda ya sami wani kafil ya koma wurinsa. Lawali ya yi sa'a, wani gareji ya ɗauke shi, iƙamarsa ta sake rai, ya zama shi kaɗai ke kawo cefane a ɗakinsu. Tsofaffi kuwa ba mai ɗauka. Su aka fara sallama, Baba Isiyaku yana kan gaba.

Ranar da na je ɗaukarsa mu karɓo fayil, na lura silifa ya sa maimakon takalminsa sau-ciki, ƙafafun sun kumbura sun yi suntum. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce zaman banza ne, ƙafar da ta saba taka birki ba ta son hutu. Ya so in je ni kaɗai, na ce ba a ba da fayil sai mai shi ya sa hannu. A mustausaf, sabon ma'aikacin da ke bakin kanta ya miƙo mana takarda ɗaya tal, ta haƙorin nan. Na yi dariya na ce, "Baba, kai kam ka hutar da ni." Muna juyowa sai ga wani likita ɗan Masar ya fito daga ɗakinsa, ya ware hannu.

"Ahlan, Lawali! Ina ka shige? Na gaya maka ƙodar nan ba ta jira, dole a fara wanki. Dubi ƙafarka."

Na waiga ina neman Lawali a bayana. Ba kowa sai bango. Hannun Baba Isiyaku likitan ya riƙe, Baba kuma ya kafa ido a ƙasa yana cewa, "Insha Allah, daktur." Na san kalma ɗaya daga bakina a wurin nan ta isa ta jawo bincike. Na ja shi muka fita.

A mota ban tayar da inji ba. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"An daɗe. Tun kafin a kafa ƙungiya."

"Allurar nan, da aikin idon nan, duk naka ne?"

"Nawa ne."

"Kana zaune aka karanta mana sharaɗin fayil."

"Ina zaune. Na ce in na kusa tafiya sai in koma katina. To, kullum gobe." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Habibu, direban da suga ya taɓa idonsa, mudir, shugaban kamfani, ba ya sabunta masa iƙama, ka fi kowa sani. Ina da yara a makaranta. Lawali bakanike ne, sugansa bai dami kowa ba. Shi da bakinsa ya ce in karɓa."

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Kai ai faɗa za ka yi."

Na kuwa yi, a cikin motar nan, har sai da na ga yana haki sannan na ja bakina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wannan ranar ta zo mana a makare.

Duk dabarar da Ammu Usman ya koya mini sai da na zazzage ta a kan wannan aiki. Ƙungiya ta ɗauki nauyi na kai shi wani asibiti a Malaz da sunansa na gaskiya. Likitan can ya duba, ya rubuta cewa ƙoda ba ta lalacewa haka a wata ɗaya ko biyu, ciwon ya shekara da shekaru. Na tura Kano. Suka ce wannan rahoto an rubuta shi bayan an sallame shi daga aiki, yarjejeniya kuma fayil ta ce. 'Yan ɗakinsu suka ce za su rantse da Alƙur'ani sun ga yana yi wa kansa allura tun tuni. Na ce musu kamfanin inshora ba kotun alƙali ba ne. Na kira lauyan da ya rubuta yarjejeniyar, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam Habibu, haƙƙinsa yana nan, bai mutu ba, amma haƙƙi sai da shaida." Ya ce hanya ɗaya ce. Lawali ya rubuta cewa shi ya ara masa kati, mustausaf ta mayar da fayil ɗin sunan mai ciwon, in Kano suka ƙi, shi zai kai su kotu kuma zai yi nasara. Abin da lauya bai sani ba, ni na sani. Mustausaf ba za ta taɓa fayil ba sai ta sanar da masu inshorar nan da suka yi shekaru suna biya, daga nan maganar ta bar hannun kowa. Ƙarshenta Lawali tarhil, ba shi ba sake shigowa ƙasar nan. Gaba kura, baya sayaki.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a wannan falon, shugaban ƙungiya Alhaji Mamman ya ce in faɗi yadda ake ciki. Na faɗa ban rage komai ba. Ban gama rufe baki ba Lawali ya miƙe.

"Ni zan je. In Allah ya kai mu Lahadi zan je in rubuta."

Baba Isiyaku ya ce, "Zauna, Lawali."

"Baba, ni ko a Gusau zan yi kanikanci in ci abinci. Kai ba za ka iya wankin ƙoda da aljihunka ba."

"Na ce ka zauna. Na zo maka da ciwo ka ba ni sunanka. Shekara da shekaru kana shan faɗan Habibu a kan sugan da ba naka ba, ba ka taɓa ɗaga kai ba. Tsohuwarka da matarka da yaranka duk iƙamar nan suke ci. Yanzu kuma ita zan karɓa?"

Na sa baki na ce, "Baba, ba sadaka ake nema maka ba. Haƙƙinka ne, guminka ka zuba."

"Na sani. Ni na ɗauke shi na sa a aljihun wani. Zanen aro ba ya rufe katara, Habibu, ba yau na fara jin haka ba."

Lawali dai bai zauna ba, ya ce ko an yarda ko ba a yarda ba sai ya je. Sai Baba ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafafun nan nasa, ya dube shi ya ce, "Wallahi in ka taka mustausaf ɗin nan da wannan magana, ban yafe maka ba, duniya da lahira." Kun san nauyin wannan kalma a bakin dattijo. Lawali ya sulale ya zauna ya rufe fuska da hularsa, Alhaji Mamman ya ce a shafa fatiha.

An yi masa karo-karo, amma me mutanen da ba su ga albashi ba za su haɗa? Lawali ne ya ɗauki jakarsa har filin jirgi. Can gida kamfanin Kano ya ba shi katin ƙananan ciwuka, yana karɓar maganin hawan jini kyauta, ba su taɓa hana shi ba. Wankin ƙoda kuwa Katsina ake kai shi da kuɗinsa. Aka sayar da gona, aka sayar da filin da ya ce zai gina wa yara. Daga nan aka fara tsallake mako, daga baya aka daina zuwa. Duk lokacin da na kira shi sai ya ce da sauƙi, ya tambaye ni ko Lawali yana cin abinci. Bai ga azumin shekarar da ta biyo ba.

Abin nan yana ci mini rai har yau, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa yi wa wani mutum aiki kamar yadda na yi wa Baba Isiyaku ba. Kowace allura tasa, kowane gwaji, aikin idonsa, duk ni na tsaya a layi har suka fito, ban faɗi ko ɗaya ba. Da hannuna na gina masa shaidar da babu lauyan da zai iya rushe ta, kuma duk na jera ta a ƙarƙashin sunan wani. Babu mugu a cikin labarin nan, shi ya sa ma ya fi ciwo. Wanda ya ara don Allah ya ara, wanda ya karɓa don 'ya'yansa ya karɓa, mutanen Kano kuma abin da muka ce mun yarda da shi suka bi. Da na sani ƙeya ce, ba ta taɓa zuwa a gaba ba.

Bara garejin da Lawali ke aiki ya rufe, shi ma ya karɓi huruj niha'i. A lokacin ƙafata ta gaji, ƙungiya ta miƙa aikin fayil ga sabon sakatare, sa'anku ne, mutumin kirki, bai san wannan labari ba. Shi ba ya zuwa ko'ina. Ya nemi fayil ɗin Lawali, aka turo masa a waya, ya danna, ya wuce Kano. Har gida ya zo yana murna yana gaya mini bai taɓa ganin amincewar da ta fito da sauri irin wannan ba. To, ga danna wayar da kuke faɗa. Ta san sunan da ke kan fayil, amma ba ta taɓa ganin ƙafar kowa ba.

Ba a jima ba Lawali ya kira ni daga Gusau. Ina jin ƙarar guduma a bayansa, ya buɗe ɗan garejinsa a bakin titi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam Habibu, mutanen Kano sun kira ni."

"Me suka ce?"

"Wai fayil ɗina ya cika sharaɗi. Wankin ƙoda kyauta, har ƙarshen raina. Wai in zaɓi asibiti, Kano ko Katsina."

Gudumar ta tsaya. Na ce, "To, me ka ce musu?"

Ya ce, "Na ce su bar shi, na ji sauƙi."